Alƙahira da ƙafa: ruwa a ƙasa, makaranta a sama

Mutanenmu da yawa sun je Alƙahira, amma kaɗan ne suka taka ta. Wanda ya je neman magani ya san hanyar masauki zuwa asibiti. Ɗan kasuwa ya san inda ake sarin jallabiya da abaya da littattafai. Wanda jirgi ya sauke na kwana ɗaya a hanyar Umra kuwa, a ɗauke shi a mota zuwa dalar Giza, ya hau raƙumi a yi masa hoto, a mayar da shi filin jirgi. Duk ba laifi ba ne. Sai dai tsohon birnin, wanda saboda shi ake yi wa garin kirari da mai hasumiya dubu, ba ya ganuwa ta tagar mota. An yi lungunansa ne don raƙumi da jaki da mai tafiya a ƙasa.

Wani kwas na malamai ne ya kai ni can a watan Fabrairu. Ranar da aka ba mu hutu, abokan tafiya suka shiga motar yawon buɗe ido, ni kuwa na ce ƙafata za ta kai ni. Na tashi daga ƙofar arewa ta tsohuwar ganuwa, Babul Futuh, na nufi kudu har masallacin Ibn Tulun. Tafiyar ba ta kai kilomita 5 ba, amma ta ci mini yini guda, daga ƙarfe 8 na safe har rana ta yi sanyi.

A shekarar 969 aka kafa wannan birni. Kwamandan Fatimawa, Jauharus Siƙilli, shi ya zana shi don halifansa Mu'izzu, kuma sunan wannan halifa ne babban titin da ya ratsa birnin yake ɗauke da shi yau. Babul Futuh da maƙwabciyarta Babun Nasri an gina su a 1087, Babu Zuwaila da ke kudu a 1092. Tsakanin ƙofar arewa da ta kudu kamar kilomita ɗaya ne, kuma a cikin wannan ɗan tsakanin sarakuna suka yi ta jera gine-gine shekaru ɗaruruwa, kowa na so nasa ya fi na wanda ya gabace shi. Hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Alƙahira ba ta tashi da wuri. Ƙarfe 8 yawancin kantuna a rufe suke, sai masu kuran wake suna zuba wa ma'aikata karin kumallo, da samari a kan keke sun ɗora faifan burodi mai tsawon ƙofa a ka, hannu ɗaya a kan sitiyari. Na karya da ta'amiyya, wadda ƙosai ce in ban da ita da wani babban wake ake yin ta, cikinta kore shar saboda ganye. Wannan shi ne lokacin baƙo, kafin masu kiran ciniki su fito.

Na shiga masallacin Hakim da ke jikin ganuwa, wanda aka gama a 1013, na zaga filinsa na fito. Na wuce ɗan ƙaramin masallacin Aƙmar. Abin da ya tsayar da ni sosai ba masallaci ba ne. Wani siririn gini ne da ya tsaya a inda titin ya rabu biyu, in ka taho daga arewa sai ka wuce shi ka waiwayo sannan ka ga fuskarsa. A ƙasa manyan tagogi uku masu ragar ƙarfe, a sama ɗaki buɗaɗɗe mai rumfar katako, iska na shiga ta ko'ina. Wani babban jami'i mai suna Abdurrahman Katkhuda ya gina shi a 1744, kuma irin wannan gini sunansa sabil-kuttab.

Ga yadda yake aiki a da. A ƙarƙashin ƙasa akwai ƙaton tanki na dutse, ana cika shi da ruwan Nilu da ake ɗaukowa a salka bisa raƙuma. A ɗakin ƙasa ma'aikaci yana zaune a bayan raga, yana miƙa wa duk mai wucewa kofin ruwa kyauta, ba a tambayarsa ko shi wane ne. Ɗakin sama kuma makarantar allo ce, mafi yawa ta marayu. Wanda ya yi ginin ba ya tsayawa a nan. Sai ya ware shaguna ko gidajen haya ko gona ya yi wakafinsu, a rubuta a gaban alƙali cewa daga kuɗin da suke kawowa za a sayi ruwan, a biya mai shayarwa, a biya malam, a ba yara abinci da tufafi. Lokacin da Faransawa suka mamaye Masar a ƙarshen ƙarni na 18, sun tarar da irin waɗannan wuraren shayarwa wajen 300 a birnin.

Na hau matakalar zuwa ɗakin sama. Bai fi rabin ajin da nake koyarwa ba. Na zauna a ƙasa na kai minti ashirin, ba wanda ya ce mini taso mota za ta tashi, kuma wannan ita ce ribar tafiya kai kaɗai. Malami ba ya shiga aji bai auna shi ba. Na duba ta inda haske yake shigowa, na ga yadda aka ɗaga yara sama da ƙura da hayaniyar kasuwa, amma ba a ɓoye su ba, duk mai shan ruwa a ƙasa yana jin karatunsu. Wato wanda ya gina wurin ya san cewa makaranta tana bukatar iska da haske da ruwan sha da albashi, ya kuma tanade su tun kafin yaro na farko ya shigo.

Daga nan idona ya buɗe ga abin. Duk babban ginin da na tarar a gaba, sai na tambayi kaina, me yake ciyar da shi?

Kaɗan gaba akwai ginin Sarki Ƙalawun, na 1284 zuwa 1285: makaranta da hubbare da asibiti a haɗe. An ce ya taɓa kwanciya rashin lafiya a Sham, aka yi masa magani daga asibitin Nuruddin na Dimashƙa, ya yi alwashin gina irinsa. Kyauta ake duba marasa lafiya a ciki, wakafi ke biya, kuma har yau akwai asibitin ido a harabar mai ɗauke da sunansa. Hubbaren kuwa, marmara da zinariya da gilashi mai launi, mutum ya ɗaga kai har wuyansa ya gaji. A jikinsa makarantar ɗansa ce, Nasiru Muhammadu, sarkin da ke kan gado lokacin da Mansa Musa na Mali ya sauka a garin a 1324 kan hanyarsa ta aikin Hajji, ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa. Tikiti guda ake saye a shiga yawancin gine-ginen wannan layin. A manyan wuraren tarihi da dama yanzu kati suke karɓa ba tsabar kuɗi ba, don haka mutum ya tabbata katin bankinsa yana aiki a waje kafin ya bar gida.

Wajen ƙarfe 11 gari ya farka, sai tafiyar ta canza. Kusa da kasuwar Khan Khalili kowane taku akwai mai kira, wannan turare, wannan tasbaha, wancan ya ce zo ka gani kawai, gani kyauta ne. Kalma biyu sun ishe ka, la shukran, a'a na gode, ka faɗe su da murmushi kuma kada ƙafarka ta tsaya. Duk wanda ya raka ka ya nuna maka wani abu ba ka roƙe shi ba, to yana jiran na goro, haka ma mai ajiye takalma a ƙofar masallaci. Ka riƙe ƙananan kuɗi a aljihu na daban, ka kuma tafi da 'yar leda ta zuba takalmi. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton ɗan sanda ko shingen bincike.

Baƙin mutum kuma ba ya ɓacewa a taro a can. Wasu samari za su kira ka samara, wato baƙi, wani da wasa wani ba da wasa ba. Ban ga amfanin tsayawa ba, kuma ba zan ce bai dame ni ba. Amma abin da na fi gamuwa da shi tambaya ce, daga ina? Wani dattijo mai shayi da na ce masa Ghana, sai ya dafe kai ya ce, shida da ɗaya ya ustaz, shida da ɗaya! Bai manta wasan Kumasi na Oktoban 2013 ba. Na ce masa ya Hajji, ai ku ma kun karɓe mana kofin Afirka a 2010, a bar tone-tone. Ya yi dariya har da tari, ya ƙara mini shayi, ya ƙi karɓar kuɗin na biyun.

A layin maƙeran zinariya wani mai shago ne ya nuna mini hanyar Azhar, da ya miƙa hannu sai na ga ɗan zanen gicciye a wuyan hannunsa. Kiristan Kibɗawa ne, su ne 'yan tsiraru a can, kamar mutum ɗaya cikin goma. Har ya ƙara mini da cewa in hanzarta, an kusa kiran Azahar. Mu da muke ɗaya cikin biyar a ƙasarmu mun san wannan zaman, ka san lokutan ibadar maƙwabcinka ko da shi bai san naka ba. Fathiya matar Kwame Nkrumah ma ai Bakibɗiya ce 'yar wannan gari.

Kafin ka isa masallacin sai ka tsallaka titin mota, kuma tsallaka titi a Alƙahira ilmi ne mai zaman kansa. Mota ba ta tsaya maka, sai dai ta kauce maka. Ka nemi ɗan gari da zai haye, ka tsaya ya zama shi ne tsakaninka da motocin, ka taka yadda yake takawa, kada ka ruga kuma kada ka koma baya.

Azhar an fara sallah a cikinsa a 972. Fatimawan da suka gina shi 'yan Shi'a Isma'iliyya ne, bayan Salahuddin ya kawar da daularsu a 1171 ne wurin ya koma hannun Ahlus Sunna. Na yi Azahar a nan, na zauna a farfajiyar farin marmara ina kallon ɗalibai, 'yan Indonesiya da Malesiya da Senegal, ga wasu biyu a gindin ginshiƙi suna muraja'a suna gardama da Hausa. Ba yau muka fara zuwa ba. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makarantar Malikiyya a wannan gari don matafiyansu da ɗalibansu, daga baya kuma Azhar ya keɓe ruwaƙi, wato sashen kwana da karatu, na mutanen Barno. A da kowane ruwaƙi da wakafinsa, daga ciki ake raba wa ɗalibai burodi kullum. Shehu Halilu mai Muhtasar ɗan garin nan ne, haka Imam Suyuɗi, ɗaya daga cikin Jalalaini biyu da ake karanta tafsirinsu a zangunanmu kowane azumi, wanda har wasiƙar nasiha ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas.

Kudu da titin motar, titin Mu'izzu ya koma kasuwar 'yan gari, atamfa da barguna da kayan yara, turereniya kamar Kejetia ana gobe Sallah. Ka ratsa tsakanin gine-ginen Sarki Guri guda biyu masu fuskantar juna. Ya gina wa kansa hubbare na gani na faɗa, sai ya mutu a fagen yaƙi da Usmaniyawa a Sham a 1516, ba a ma ga gawarsa ba. Daf da Babu Zuwaila akwai wani sabil-kuttab ɗin na 1796, kuma mace ce ta gina shi, Nafisatul Baida, wadda aka kawo Masar a matsayin baiwa ta zama attajira. A jikinsa ta yi masaukin fatake, kuɗin hayarsa su riƙe ruwan da makarantar.

Na hau ɗaya daga cikin hasumiyoyi biyu da ke kan ƙofar. Matakala ce matsattsiya mai duhu, mai jin jiri ya haƙura. Na sauko na fita ganuwa, sai ga masallacin Salih Tala'i na 1160, wanda ya fi kowane fito da maganar fili. An ɗora shi ne a kan jerin shaguna, hayar shagunan ita ke riƙe masallacin. Shekaru sun sa ƙasar titi ta taso, yanzu sai ka leƙa ƙasa kamar rami kafin ka ga shagunan.

A nan na tsaya ina lissafin gida. Mu ba a bar mu a baya ba wajen gina masallaci. Unguwa ɗaya a zango sai ka ƙirga biyar, kowanne da tayil da lasifika. Amma makarantar da ke bayansa fa? Rufin kwano mai yoyo, yara sittin a ɗaki ɗaya, ba famfo, ba makewayi, yaro ya fita sayen piya wata ya ɓace sai gobe. Tun 1987 gwamnati ta kafa sashen ilmin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilmi, makarantunmu da yawa sun shiga, ana turo musu malaman boko da albashi, wannan ci gaba ne. Sai dai malamin Arabiyya da yawa har yau abin da iyaye suka tara yake jira, wata ya zo wata bai zo ba. Mai hali in ya tashi yin sadaka mai gudana, gini yake so wanda za a gani a sa masa suna. Su ma waɗancan sarakunan suna suke so, kada a yi musu kallon waliyyai, wasunsu da ƙwace suka tara dukiyar, wakafin ma wata hanya ce ta tsare ta daga hannun sarki mai zuwa. Bambancin kawai, ba sa aza tubali sai sun rubuta abin da zai biya malam bayan ransu. Shago huɗu a bakin titi a Nima ko Aboabo, in an rubuta su da sunan makaranta a gaban lauya da shaidu yadda magada ba za su taɓa ba, za su riƙe malamai biyu ko uku. A ganina wannan ya fi hawa na biyu da ake ƙara wa masallacin da ba ya cika sai ranar Juma'a.

Kuma tafiyar ƙafa ba ta bari ka ruɗi kanka. Yawancin wuraren shayarwar nan sun bushe. Famfo ya shiga gidaje, makarantun gwamnati sun ɗauke yara, dukiyar wakafi ta koma ƙarƙashin ma'aikatar gwamnati. Waɗanda ke kan layin masu yawon buɗe ido an gyara su ana sayar da tikiti, na cikin lungu kuwa wasu a kulle, ragar ta yi tsatsa, an jibge shara a gindinsu. Abin da bai mutu ba shi ne ɗabi'ar. Ko'ina ka bi za ka ga tulunan ƙasa a jere a bakin shago, ko na'urar sanyaya ruwa da kofi ɗaure da sarƙa, wani ya ajiye don ladan ya kai ga mahaifinsa da ya rasu. Mai tura kura ya tsaya ya sha, ɗan makaranta ya sha, ba mai tsaro. Baƙon da cikinsa bai saba ba dai gara ya riƙe ruwan gora.

Daga nan na bi ta rufaffiyar kasuwar masu ɗinkin tanti, wadda Ridwan Bey, amirul hajjin Masar, ya gina a 1650. Har yau da hannu suke ɗinka zane a kan zane. Daga garin nan ake kai rigar Ka'aba shekaru ɗaruruwa, har farkon shekarun 1960. Bayan kasuwar babu sauran baƙi, sai mahauta da masu gyaran babur da masu keke mai ƙafa uku irin Pragya, da mai sayar da gas yana buga tukunya da sifana. Na ci koshari a wani ɗan shago, shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa da miyar tumatir, ɗan uwan waakye ne da ya yi ƙaura. Na kora da ruwan rake da aka matse a gabana.

Masallacin Sultan Hasan, wanda aka fara a 1356, girmansa har tsoro yake ba mutum. Ka bi ta wani dogon soro mai duhu mai lanƙwasa, kwatsam ka faɗo fili, sama a buɗe, rumfuna huɗu manya-manya sun kewaye ka. A kusurwoyinsa makarantu huɗu ne, kowace mazhaba da tata, har da ɗakunan kwanan ɗalibai. Na nemi ƙofar ta Malikiyya na tsaya a gabanta. Ana cikin ginin ne wata hasumiya ta rufto ta kashe mutane wajen 300, da yawansu marayun da ke karatu a ƙarƙashinta. Shi kansa sarkin an kashe shi a 1361 kafin a gama, kuma bai kwanta a hubbaren da ya tanada ba. A nan na yi La'asar.

Saura titin Saliba, ƙafa ta fara ciwo. Na wuce sabil-kuttab na Sarki Ƙaitbai na 1479, mai ado da jan dutse da fari da baƙi, na isa Ibn Tulun ana shirin rufewa, don haka mai son zuwa kada ya kai yamma sosai. An gama shi a 879, ya girmi birnin Fatimawan kansa da shekara 90, kuma shi ne masallaci mafi daɗewa a garin da ya tsaya a kan siffarsa ta asali. Jan bulo ne da filasta, fili fetal. Shi ma ya taɓa zama kufai, ayarin alhazan Magrib na sauka a ciki da raƙumansu, sai a 1296 Sarki Lajin ya gyara shi, ya sa masa wakafi da darussa da makarantar marayu.

Matakalar hasumiyarsa ta waje take, tana naɗe ta kamar rawani, irin ta Samarra a Iraƙi inda Ahmad Ibn Tulun ya taso. Daga sama na hango hasumiyoyin Sultan Hasan da ganuwar Salahuddin a kan tudu, ga rufin gidaje cike da tarkace da kejin tantabaru, wani yaro yana kaɗa tuta yana kiran nasa su dawo. Mai gadi ya tafa hannu daga ƙasa, na sauko.

Daga ƙofar masallacin zuwa tashar jirgin ƙasa ta Sayyida Zainab tafiyar kamar minti ashirin ce. A tsakiyar kowane jirgi akwai taragun da aka keɓe wa mata, da alama a bakin dandamali, namiji ya duba kafin ya faɗa. Na shiga na gaba da su, na samu wurin tsayawa kusa da ƙofa, takalmina fari fat da ƙura.